Zabiyar Gumel Cikin Kayan Mai Nono

Jama'a, kafin in fara ina roƙon alfarma ɗaya: duk wadda za ta yi dariya ta yi a ranta, don ni har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Sunana Hannatu, 'yar Gumel ce ni, gidanmu na bayan marina. Na taɓa aure, mijin ya rasu a shekarar murar nan da ta kwashe mutane, na gama takaba na dawo ɗakin Iya. Zama ya ishe ni, daga kaɗi sai daka, daga daka sai kallon kaji. Shi ne muka haɗa kai mu uku muka kafa kiɗan ƙwarya. Ni ce zabiya. Larai 'yar maƙwabtanmu ita ke dukan babbar ƙwarya, wadda ake kifawa a kan ruwa. Sai A'i, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, ita ce mai amshi.

Muka fara shiga gidajen suna da biki. Duk inda muka yi, magana ɗaya ce: "Kai, kun yi ƙoƙari! Allah ya ƙara basira." A cika mana akushi da tuwo, a ba mu goro, a rako mu har zaure. Da fari kaina ya kumbura, tafiyata ma ta canza. Amma sannu a hankali na fara lura da wani abu. Babu gidan da ya taɓa kiranmu sau biyu. In na ɗauko waƙa, sai in ji mata suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan za ta duba tukunya, waccan yaro ya yi mata fitsari. A Gagarawa wata tsohuwa ta yi barci a gabana, baki buɗe, da muka tsaya ta farka firgigit tana cewa, "Madalla, madalla, ban taɓa jin irinsa ba!"

Ai kuwa gaskiya ta faɗa, ba ta ji ba.

Na tambayi Iya. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar wake ba.

"Ni ban ji ba, kuma ba na son ji. Mu ba maroƙa ba ne, Hannatu. Ki ajiye ƙoren nan ki ba yaron nan amsa, mutanensa sun gaji da jira."

Yaron nan shi ne Ilu. Mutumin Sule Tankarkar ne, dogo, baƙi, mai wushirya. Yana kai gyaɗa Kano a kan jakai tun da jirgin ƙasa ya sa gyaɗa ta yi daraja, in ya dawo ya haura ƙasar Faransa ya ɗauko kanwa. Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. In na ji kukan jakinsa a ƙofar gida bayan la'asar, kwalli ma sai ya kusa shiga min hanci don sauri. Abu ɗaya ne ke damuna da shi: komai na yi, daidai ne.

Ran nan ya zo cikin sabuwar rigar saƙi, ya zauna a dakalin zaure, ya miƙo min ɗan madubi mai bakin ƙarfe.

"Ga kadonki," in ji shi. Wai haka mutanen Damagaram ke ce wa tsaraba yanzu.

Na karɓa na yi godiya, sannan na gyara mayafi na ce, "Malam Ilu, an ce ranar sunan gidan Ubale a Maigatari kana bayan danga kana saurarenmu."

"Tun daga farko har ƙarshe."

"To wace waƙa ta fi maka daɗi?"

"Duka."

"Ta kura da ɗan akuya fa?"

Ya dafe ƙirji. "Wayyo! Wannan ai ita ce uwar waƙoƙin. Har hawaye na yi."

Jama'a, ba mu da wata waƙar kura da ɗan akuya. A wurin na ƙirƙiro ta.

Na shiga gida ina huci. Namijin da zai yi min ƙarya a kan waƙa, gobe in na yi miya ba gishiri zai ce ta yi, in ji labarin a bakin rijiya. Ga shi kuma an kira mu bikin 'yar Madugu Bappa bayan Sallah, bikin da mata za su zo daga Kano da Damagaram. In muka sha kunya a can, ba kiɗa kaɗai zai mutu ba, fita ɗebo wuta ma sai ta gagare ni. Ina bukatar bakin da ba ya jin kunyata, a Gumel kuwa babu shi, kowa ya san Iya.

A'i ce ta kawo dabara, tana wanke ƙwarya tana murmushin mugunta.

"Ba a faɗa miki gaskiya a ido. A ƙeya ake faɗa. Ki zama wata, ki je ki ji abin da ake faɗa a ƙeyarki."

Na ce wa Iya zan je Gagarawa duba Gwaggo, ciwon ƙafarta ya tashi. Iya har da ba ni kuka da daddawa in kai mata. Da na fita, maimakon in yi kudu sai na yi arewa. Na kwana a rugar su A'i. Da gari ya waye ta zaunar da ni, ta tsefe min kai ta yi min kitson Fulani mai jela biyu a gefen kunne, ta rataya min 'yan kunnen tagulla masu nauyi kamar za su tsinke min kunne, ta ɗaura min baƙin zanenta da 'yar riga iya ciki, awarwaro har gwiwar hannu. Ta wanke min fuska tas, babu kwalli babu katambiri. Na duba madubin Ilu, wallahi ni kaina sai da na gaishe da matar.

"Kalma ɗaya zan koya miki," in ji A'i. "Duk wanda ya yi miki Fulatanci, ki ce jam. Lafiya ke nan. Kada ki ƙara komai."

Ranar kasuwar Maigatari ce. Raƙuma sun durƙusa da kanwa da gishiri, shanu na ta kuka, Buzaye da rawunansu na ratsa mutane kamar ba sa taka ƙasa. Na ɗora ƙwaryar nono a ka, wuyana na rawa, muka nufi rumfar mata masu daddawa da kuka da barkono. A'i ta laɓe bayan zanar rumfar don kada a gane ta. Ni kuma na sauke ƙwarya kusa da wata 'yar tsohuwa siririya mai sayar da daddawa, haƙoranta jajaye da goro, idanunta ƙanana kamar na ɓera.

Ta dube ni sama da ƙasa, sai ta sako min Fulatanci tiryan-tiryan.

"Jam," na ce.

Ta ƙara wani, mai tsawo.

"Jam."

Ta gyaɗa kai, ta ce da Hausa, "To madalla. Ni ce Yelwa. Zauna, 'yar nan."

Na bari aka ɗan taɓa hira, sannan na lanƙwasa harshe irin na A'i na jefa ƙugiyata.

"Wai an ce wasu 'yan Gumel sun yi kiɗan ƙwarya a sunan gidan Ubale. An ce sun iya ƙwarai."

Sai wata mai barkono, ƙatuwa, ana ce mata Rabi'atu, ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Wa ya faɗa miki? Kurma ne?"

Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Na ji kamar an watsa min ruwan randa. Na yi yaƙe na ce, "To me suka yi?"

"Me ba su yi ba!" in ji Rabi'atu. "Mai babbar ƙwaryar nan, kamar an biyo ta da sanda. Ta fara a hankali, kafin ki ɗaura ɗankwali ta kai Damagaram. Na tashi zan taka, ƙafata ta dama na nan, kiɗan ya wuce ya bar ni."

A raina na ce, ai dama na sha gaya wa Larai. Daga bayan zana na ji A'i na ƙyaƙyatawa ƙasa-ƙasa.

"Mai amshin fa?" wata ta ce. "'Yar Fulanin nan. Murya kamar sarewa, amma ba ta bari a gama magana. Zabiya na tsakiyar baiti ta faɗo mata a ka."

Dariyar bayan zana ta ɗauke ɗif. Ni kuma ta kama ni, sai da na ciji leɓe. To, saura ni. Na gyara zama, zuciyata na cewa ai laifin na su biyun ne, yanzu za a yabi zabiya.

Inna Yelwa ta tofar da goro, ta goge baki.

"Ku bar waɗancan, yara ne, rana ɗaya za a gyara su. Ita zabiyar ce ciwon."

Ta miƙe tsaye, jama'a, tsohuwar nan ta miƙe. Ta rufe ido gam, ta ɗaga haɓa sama, ta dafe kunne ɗaya, ta buɗe baki tana karkaɗa kai kamar akuyar da ƙashi ya maƙale wa. Ni ce sak. Har yadda nake ɗaga ɗan yatsa. Mata suka zube ƙasa don dariya, wata har barkononta ya kife.

"Tun da ta rufe idon nan," in ji ta bayan ta zauna, "ba ta buɗe ba sai da aka kawo tuwo. Mu muna nan, ita tana sama wajen taurari. Ta yi wa maijego kirari, 'yar masu raƙuma, jikar masu doki. Maijegon da ubanta ke saƙar tabarma! Ashe kirarin ke nan ɗaya, kowa shi take yafa wa. Ƙanwata ta ji shi a Gagarawa, an yi wa 'yar mahauci. Sannan ta kira kakar jariri ta fito ta taka rawa, matar da muka binne tun kafin damina."

"Innalillahi!" na ce, da muryata ta gaske.

"Ai kuwa. Ga tsawo. Waƙa ɗaya, na je na yi alwala na yi sallah na dawo, tana nan a kan raƙuman."

Idona ya cicciko. Na manta da lanƙwasa harshe, na manta ni mai nono ce.

"To amma Inna, ai ku kuka ce musu sun yi ƙoƙari! Ku kuka raka su har zaure!"

"Baƙi ne, a gidan mutane. So kike mu kore su da muciya?" Ta ƙura min ƙananan idanun nan. "Kuma ƙoƙari ai sun yi. Wanda ya haƙa rijiya bai sami ruwa ba ma ya yi gumi."

Na sunkuyar da kai ina jujjuya ludayi a cikin nono. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Sai dai abu ɗaya," in ji ta, murya ta sauko. "Can wajen ƙarshe, da ta gaji da kirarin aro, ta yi wata 'yar waƙa ta jaki. Ke Rabi'atu, yaya take?"

Sai ga Rabi'atu, wadda ta gama yanka mu yanzun nan, ta ɗauko:

"Jaki ya zo iyaka ya tsaya,
Ya ce shi ba ya jin Faransanci,
In za a wuce a nemo tafinta."

Rumfa duka ta amsa: "Mai jaki, zauna ka ci goro!"

Waƙata. Wadda na ƙaga don in tsokani Ilu, ranar da jakinsa ya ƙi tsallaka iyaka. Na sa ta ne don cike lokaci, har kunyarta nake ji.

"Tun ranar ake niƙa da ita a garin nan," in ji Inna Yelwa. "Yarinyar na da murya, tana da kai. Ido ne ba ta da shi. Ran da ta buɗe ido ta dubi matan da ke gabanta, ta yi waƙa da abin da ta gani, sai an biyo ta har gida."

Ban san lokacin da hawaye ya ɗiga cikin nonon A'i ba. Ina cikin sharewa da bakin zane na ji kukan jaki a bayana. Kukan da ko cikin jakai dubu zan gane shi.

Wani dogo ya sunkuyo cikin rumfa, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, sannu da kasuwa. Na sauke kanwar, in kin tashi sai mu..."

Ya juyo. Muka haɗa ido. Ya dubi kitson, ya dubi 'yan kunnen, ya dubi cikina da ke waje. Bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa.

Inna. Ya ce mata Inna. Na shiga uku.

"Ilu, gaida baƙuwarmu," in ji tsohuwar, ko gezau. "Bafulatana ce daga Gumel. Na tambaye ta da Fulatanci, ke ba ke ce zabiyar nan ba? Ta ce jam. Na ce ɗana kike wa yanga ko? Ta ce jam."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Rabi'atu ta toshe baki tana, "Wayyo ni, ita ce? A gabanta na ce kurma?" A'i ta fito daga bayan zana tana riƙe da ciki, munafuka, ashe ta ji tambayoyin tun farko ta ƙyale ni. Na jawo faifai na rufe fuska.

"Sauke faifan," in ji Inna Yelwa. "Wadda ta iya tahowa tun daga Gumel don ta ji aibinta ba ta da abin ɓoye fuska. Kai kuma, faɗa mata wa ya aike ni gidan Ubale."

Ilu ya sosa ƙeya. "Ni ne."

"Don me?"

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. "Hannatu, ni ban san waƙa ba. Daga bayan danga ƙwaryar Larai kawai nake ji, kamar ana sussuka. Kuma ke ko tari kika yi daɗi yake min, to yaya zan gane mai kyau da marar kyau? Na ga abin na damunki, shi ne na roƙi Inna ta je ta saurara, tunda tana nan wajen yayata. Da ta dawo ta faɗa min, na ce wallahi ba da bakina ba."

"Kura da ɗan akuya fa?" na ce ta bayan faifai.

"Na san babu ita. Na ga kin ɗana tarko, na rasa ta inda zan bi, na faɗa ciki."

"Matsoraci," in ji uwarsa. "Ubansa ma haka yake."

Fushin da na taho da shi na neme shi na rasa.

Da azahar Inna Yelwa ta tattara daddawarta ta ja mu, ni da A'i, zuwa gidan 'yarta a bayan kasuwa. Ilu aka bar shi a waje da jakai. Matan gidan na ta aiki, ba wadda ta kula mu. Tsohuwar ta juye sauran nonon a kwano, ta kife ƙwaryar a gaban A'i, tunda babu Larai.

"Ke, a hankali, kuma sai ta rufe baki ki buɗe naki. Ke kuma Hannatu, in kika rufe ido zan watsa miki barkono. Ba wanda zai ce kin yi ƙoƙari a nan. Fara."

Na fara. Kallon mutane ana waƙa ashe wuya gare shi, kamar ka yi wanka a tsakar gida. Na yi ta jaki. Da ta ƙare ban san abin da zan ɗora ba, sai idona ya faɗa kan wata mata mai tsohon ciki tana fama da taɓarya, ɗanta na jan zanenta. Na sako baiti a kanta, na cikin yana shuri, na wajen yana ja, maigida na gindin bishiya yana jiran fura. Matar ta tsaya da taɓarya a sama. Ta dube ni. Sai ta jingine ta a turmi, ta riƙe ƙugu, ta fara juyawa da cikinta a gaba, sauran na guɗa. Wata da ta ɗauki tulu za ta rijiya ta kai ƙofa, ta sauke shi ta dawo.

Da muka tsaya ina haki na dubi Inna Yelwa. Ta ɓare goro, ta daɗe tana tauna.

"Baitin tsakiya ya yi tsawo," ta ce. "Kuma kin rufe ido sau ɗaya, na gani. Amma waccan ta ajiye tulu. Tulun za ki riƙa tambaya, ba bakin mutane ba."

Wallahi duk "kun yi ƙoƙari" da na tara a baya ba su kai min wannan daɗi ba.

Na durƙusa na yi godiya, na ce bari in je in canza kaya mu kama hanya kafin rana ta yi sanyi. Sai ta ɗaga hannu.

"Tare za mu tafi. Ilu! Ɗaura min shimfiɗa a kan jakin nan mai jin tsoron Faransanci. Yau zan ga uwar yarinyar nan, mu yi maganar aure, mu yi maganar ƙwarya, don ni ba zan karɓi ɗaya in bar ɗaya ba."

Na dafe kitsona. "Inna, ai Iya ta san ina Gagarawa wajen Gwaggo. Ko kitson nan ku bari in tsefe."

Ta dube ni tun daga jelar kitso har awarwaro, jajayen haƙoran nan suka bayyana.

"Ko zare ɗaya kada ki cire. Haka zan kai ki. Ke za ki shiga gaba da ƙwarya a ka, ki yi sallama ki ce ga nono. Ina so in ga ko uwar da ta haife ki za ta saya."